Jirgin da Mani Ya Saya da Sunan Wani

Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Dogon Dutsi ya san Mani dillali, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, da ɗan farin gemu, rawaninsa kullum a kafaɗa maimakon a ka. Mutanen Dogon Kiriya da na Sukukutane idan sun sauke tumaki daga amalanke, ba sa sakin igiya sai sun tambaya ko ya iso. Yana duba rago yadda kowa ke dubawa: ya buɗe masa baki ya ga haƙora, ya matsa gindin wutsiya, ya sa a kore shi ya ga tafiyarsa. Abin da ya raba shi da sauran dillalai shi ne mai ragon yake dubawa fiye da ragon. Yakan ce dabba ba ta ƙarya, mai ita ne ke yi mata. Mutum ya yi gaisuwa, ya faɗi garinsu da sunan ubansa, Mani ya kalli ƙwayar idonsa, to ya gama awonsa ke nan. Duk daɗewarsa a kasuwa ba a taɓa sayar da dabbar sata ta hannunsa ba, kuma ba ya gajiya da tuna wa mutane haka.

A gida yana da matarsa A'i da ƴaƴa da jikoki. Na farinsu Rashid ne, sai dai ba za ka taɓa jin wannan suna a bakin Mani ba. Mutumin da ne, irin waɗanda suka ɗauki kunyar ɗan fari da gaske. Tun da aka yaye yaron aka miƙa shi ga Habsatu, yayar Mani, ita ta rene shi. Idan dole ta kama Mani ya ambace shi, sai ya ce "wancan", da ya girma ya buɗe shago kuma ya koma "mai shago". Idan suka haɗu a hanya Rashid ya sunkuyar da kai ya gaishe shi, Mani ya amsa yana duban wani gefe. Idan akwai magana tsakaninsu, duk wanda ke kusa shi ake gaya wa, ko da suna jin juna. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Lokacin da aka kwantar da Rashid asibiti da zazzaɓi, Mani bai leƙa ba, bai kuma iya cin tuwon kirki ba sai da aka sallamo shi.

Shagon Rashid yana bakin kwalta. Wayoyi yake sayarwa, amma abin da ya fi saninsa da shi shi ne odar kaya ta waya. Malamin makaranta mai son takalmi, tela mai neman kan keke, amarya mai son labule, duk wurinsa suke zuwa, ya duba musu, ya yi magana da ƴan kasuwar Yamai ko na Kwatano ko na can ƙetare, kayan su biyo motar safa. Mutum ne mai kame kai, gemu baƙi, wando bai kai idon sawu ba, yana karantar da samari a masallacinsu bayan asuba. Ko tsofaffi Ustaz suke ce masa.

To, Mani yana da wani abu guda da bai taɓa gaya wa kowa ba. Yana saurayi ya yi cin rani a Faraku, inda jirgin ƙasa daga Kwatano ke tsayawa a kwashe kaya zuwa manyan motocin da ke hawowa Nijar. Dako ya yi a tashar. Wahalar ya manta da ita, jirgin ne bai manta ba: yadda ƙasa ke rawa tun ba a hango shi ba, yadda taragu ke bugun juna ɗaya bayan ɗaya idan ya tsaya, har bugun ya kai na ƙarshe. Ya dawo gida, ya gaji dillanci, ya yi aure, ya tsufa, bai sake sa jirgi a ido ba. Wani lokaci idan babbar mota ta wuce kan kwalta ƙasa ta ɗan girgiza, sai ya yi shiru a tsakiyar ciniki, abokan ciniki su ɗauka dabara ce.

Babbar waya ce ta tono masa abin. Ya saye ta ne don aika hotunan raguna wa masu sayen Yamai gab da Layya. Karatun boko bai dame shi ba, da saƙon murya yake harkarsa, ya kuma iya shafa gilashi da yatsa kamar kowa. Ran nan yana zaune a zaure bayan azahar yana shafawa, sai ga jirgi. Ƙaramin jirgi ne a kan tebur, amma komai nasa na babba ne: kan jirgi da fitilarsa, taragun kaya, dogo mai lanƙwasa, har da kukan. Ya kalla ya maimaita, ya sake maimaitawa, sai da wayar ta mutu a hannunsa. Daga ranar wayar ta gane lagonsa, kullum sai ta kawo masa wani, wasu da alamar na sayarwa ne.

Ya yi faɗa da zuciyarsa iyakar ƙoƙarinsa. Mutum da farin gemu, mai jikoki, wanda ake kira sasanta rigimar shanu, a ce yana sha'awar kayan wasan yara? Ko shi kaɗai a ɗaki idan ya tuna sai ya ji kunya ta rufe shi. Amma so bai san tsufa ba. Da ya ga faɗan ba ya ƙarewa, sai ya yanke zai saya, ya ɓoye a ɗakinsa na zaure da ba mai shiga, ya riƙa kallon abinsa shi kaɗai.

Nan ne gizo ke saƙar. Duk Dogon Dutsi mutum ɗaya ne ya san wa za a yarda da shi a cikin masu sayar da kaya ta waya, kuma mutumin nan shi ne wanda Mani ba ya iya kiran sunansa. Ko buhun gero yake so ba zai tsaya gaban ɗan farinsa ya nema ba, balle jirgin wasa. Sai ya ce a ransa, yo me ya rage? Ciniki ai ciniki ne. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana karanta fuskar masu shanu, wane yaro ne zai zambace shi?

Ya zaɓi wani shafi mai hotuna masu ƙyalli, ya danna, ya aika murya. Kafin ya aje wayar amsa ta zo, da Hausa garau.

"Salamu alaikum Baba, ina wuni, ina gajiya? Yaya iyali, yaya jikoki? Allah shi ja kwana. Wallahi jirgin ga guda ɗai ya rage, kamar kai yake jira."

Mani ya gyara zama. Ga yaro mai tarbiyya. Ya tambaye shi garinsu, ya faɗa. Ya tambayi sunan ubansa, ya faɗa, har ya ƙara da cewa uban ma dillali ne kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi rantsuwa inda ya kamata, ya yi dariya inda ya kamata, ya rage kuɗi don girman furfura. Duk abin da Mani ke nema a bakin mai dabba ya samu. Abu ɗaya ya manta. Mai rago yana faɗin sunan ubansa ne don ya san kasuwa mai zuwa zai dawo, kuma akwai wanda ya san uban. Wannan kuwa murya ce kawai, ba ta da kasuwar da za ta dawo. Mani da bakinsa ya sha ce wa mutane ba a cinikin biri a sama, sai ga shi ya je wurin masu aika kuɗi ya tura, yana rufe takardar da tafin hannu.

Washegari yaron ya ce kaya na hanya. Da aka sake kwana ya ce motar ta lalace a Doso. Daga nan wayar ta daina shiga, hoton da ke kan shafin ya ɓace. Mani ya ci gaba da aika gaisuwa har ya gane da kansa. Ba asarar ce ta fi cinsa ba. Ranar kasuwa, wani Bafulatani ya riƙe masa hannu yana cewa a gaban jama'a, "Kai dai Mani ba a cutarka," sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mai hankali da ya haƙura. Mani bai haƙura ba, sai ma ya koma satar karatu. Kusa da shagon Rashid akwai mai shayi. Mani da ba ya shan shayin titi ya fara zuwa da hantsi, ya zauna a ƙarshen benci, ya ba shagon baya, ya riƙe kofi har ya huce. Daga nan yana jin duk abin da ɗansa ke gaya wa masu zuwa oda.

"Kar ki duba daɗin bakinai, Hajiya," ya ji yana ce wa wata mata. "Duba tun yaushe shahin yake. Duba mi waɗanda sunka saya sunka ce, kuma in duk yabo na iri guda, shi ya rubuta abinai. Wanda yac ce miki guda ɗai ya rage, ki yi sauri, ki bar shi. Ki ce kina son kiran bidiyo, ki ga kayan a hannunai, ki ga ƙohwar shagon. Mai gaskiya ba ya gudun wanga."

Mani ya kurɓi shayi mai sanyi. Kowace kalma kamar da shi ake. Ga shi kuma bai taɓa zama ya saurari yaron nan yana magana mai tsawo ba sai yau, ta bayan ƙeya. Ashe haka muryarsa take idan yana bayani, a hankali, ba ya katse mutum. Ya ji alfahari, ya kuma ji kunyar hanyar da ya bi ya ji shi.

Da wannan karatun sata ya sake shiga kasuwar waya. A karo na biyu ya dace da wata mata mai shagon kayan wasa da na ado a Yamai, wadda ke kawo irin jiragen nan daga ƙetare. Bazabarma ce, Hausarta a karye, ba ta da gaisuwa ko ta sisin kwabo. Da a kasuwar dabbobi ne ko kallo ba ta ishe shi ba. Amma shafinta ya daɗe, ya sa wayar ta karanto masa maganganun masu saye, ya ji wasu na yabo, wani na ƙorafin jinkiri, ita kuma ta amsa masa ba tare da zagi ba. Ya nemi kiran bidiyo, ya juya wayarsa tana kallon bango don kada a ga fuskarsa. Ta ɗauka.

"Kore shi in ga tahiyatai," in ji Mani.

Ta kunna, jirgi ya zagaya. Ya ce ta mai da shi baya, ta mayar. Ya ce ta kifa shi ya ga ƙafafun, ta kifa, ƙarfe ne ba roba ba. Ya ce ta aje cokali kusa da shi ya ga girmansa. Ta yi tsaki, amma ta aje. Ya ce ta fita ta nuna masa ƙofar shago da titi.

"Baba, in ba ka saye ka bari," in ji ta. "Ina da mutane."

Ta dai fita ta nuna. Nan hankalinsa ya kwanta, don bai taɓa ganin maƙaryaci da ke korar mai saye ba. Ya biya. Sai ta tambayi sunan da za a rubuta a kan kwalin.

Wannan tambayar bai shirya mata ba. Ofishin da ake karɓar saƙo a tashar motar safa, wanda kowa ke kira ajans, dandali ne. Ƴan kabu-kabu a ƙofarsa suke yini, duk kwalin da aka sauke sai sun karanta sunan, sun jijjiga, sun yi hasashen abin da ke ciki. A ce kwali daga shagon kayan wasa da sunan Mani dillali? Kafin la'asar labari ya kai Sukukutane. Sai ya ɗauko suna daga iska.

"Rubuta Mu'awiya Gado."

Lambar waya kuwa tasa ya bayar, don ba shi da wata. A kasuwarsu haka ake yi, mutum ya sayi sa da sunan wani, ya zo ya ce ni aka aiko, a sakar masa igiya. Ya ɗauka ko'ina haka ne.

Matar ta cika alkawari. Ba a daɗe ba wayarsa ta yi ƙara, muryar Abdulwahid ce, magatakardan ajans, yaron da Mani ya san ubansa da kakansa.

"Mu'awiya Gado? Kolinka ya iso. Ka taho da kart ɗinka, ba mu ba da kaya sai sunan ya yi daidai."

Mani ya shaƙe murya ya ce to. Ya aje wayar, ya zauna yana kallon ƙafafunsa. Katin shaidar da ke aljihunsa Mani ne a jiki, da hotonsa. Mu'awiya Gado kuwa ba a haife shi ba balle ya yi kati.

Duk da haka ƙafa ta ja shi tashar. Ya shiga kamar mai neman inuwa, ya gaisa da Abdulwahid, ya ɗaga ido. Ga kwalin can saman kanta, an naɗe shi da buhu an ɗaure da salatif, ya fi yadda ya zata girma. Tsakaninsa da shi bai wuce ya miƙa hannu ba.

"Baba Mani, saƙo kaka jira?"

"A'a, wucewa nike."

Ya zama kullum sai ya wuce. Wata rana ya ce sauri ya kawo shi ta nan, wata rana ya ce yana cigiyar wani direba. Rannan yana tsaye, Abdulwahid ya bi idonsa ya ga inda yake kallo.

"Kolin ga ya ishe mu, Baba. Mai shi yac ce shina zuwa, har yau shiru. Bari in sake kiranai."

Ya jawo waya ya fara dannawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mani ya dafe aljihun gaba da hannu biyu, ya fice ba sallama, ya tsallake kwalta ba tare da ya dubi mota ba. Yana kai wa bayan rumfar masu faci wayar ta fara kuka a ƙirjinsa. Ya tsaya nan, dattijo guda, yana haki a bayan tarin tsofaffin tayoyi har ta yi shiru don kanta.

Ya ɗauke ƙafa daga tashar. Da ya sake komawa, gurbin kwalin babu komai. Bai iya tambaya ba. Ya ɗauka an mayar wa matar, har ya ji wani sauƙi-sauƙi, ya ce Allah ya rufa asiri.

A majalisarsu ta bayan la'asar ya ji inda kwalin ya tafi. Is'haƙa ne ya kawo labarin, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa.

"Mani, ashe kun yi jirgi a gidanku ba ku gayyace mu ba? Ɗanka Ustaz ya sayo jirgin yara daga Yamai. A gaban ƴan kabu-kabu anka buɗe kwalin. Da dogo da taragu da komi. Yanzu Shefdagar suka ce mai."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce shefdagar ai shugaban tashar jirgi ke nan, sai a saya masa hula da usur. Wani ya ce yaran kabu-kabu idan sun zo wucewa ta shagon sai su rage gudu su yi kukan jirgi da baki. Wani kuma ya rage murya ya ce manyan masallacinsu sun zaunar da Ustaz sun yi masa nasiha kan almubazzaranci, mai karantar da samari bai kamata a gan shi da irin wannan ba, shi kuwa bai ce komai ba sai "na ji".

Duk ido ya dawo kan Mani. Zufa ta keto masa ta ƙarƙashin hula. Gaskiyar tana bakinsa, kalma biyu ce, amma ya haɗiye ta.

"Yaran yanzu sai addu'a," ya ce.

"Kun gani?" in ji limamin unguwa da ke zaune gefe. "Dattijo ke nan. Ana zancen ɗan farinai, ko tanka bai yi ba. Kunya irin wagga ta ƙare a duniya."

Suka yi ta yaba masa. Mani bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Ya tashi kafin a watse, ya ce cikinsa ne. A gida A'i ta aje masa tuwo, ya buɗe ya rufe. Ya ci gaba da zuwa kasuwa, amma hanyar kwalta ya bar ta, sai ya zagaya ta lungu. Ko daga lungun yana jin yaran suna kukan jirgi.

Da hantsin wata Laraba Habsatu ta zo. Ta tsufa, tana dogara sanda, amma bakinta bai tsufa ba. Ba ta shiga cikin gida ba, a zaure ta same shi, ta zauna bakin ƙofa ta tare hanya.

"Mani, wa a Mu'awiya Gado?"

Mani ya kawar da kai gefe, ita kuwa ta ci gaba.

"Ban zo tambaya don ban sani ba. Abdulwahid ya gaji da kolin, sai ya nuna ma ɗanka lambar, ko ya san mai ita, tunda kullum shina can. Ɗa ka mance lambar ubanai? Yac ce lambar gidansu ta, ya ba da kart ɗinai, ya sa hannu. Da yake sunan bai yi daidai ba, anka ce sai an buɗe. Anka buɗe gaban kowa. Sunka ce na wa na? Yac ce, ga shi a hannuna, na wa kuka so shi zama? Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ka ba."

"Shi ya aiko ki?"

"Shi? Cewa yay yi in yi shiru. Da ƙyar na matse shi ya hwaɗi. Nic ce to kawo ma ubanka abinai. Yac ce, in na kawo, Baba zai san na sani, kuma ba shi iya haɗa ido da ni. Gara a yi ta yi mini dariya, ni yaro na, ta wuce." Ta buga sandarta a ƙasa. "Anka ce mini kuma kana majalisa kana cewa yaran yanzu sai addu'a."

Mani ya sunkuyar da kai. "Yaya, ina zan sa huskata?"

"Inda ka sa tashi. Ni na rene shi, ban rene shi don shi zama zanen ruhe tsiraicin tsoho ba. Kunyar ɗan fari ado ta, kowa ya sani. Amma wagga da kaka yi ba ita ba ta. Wagga tsoro na."

Ta miƙe da ƙyar, ta tafi ba ta ko sha ruwa ba. Mani ya daɗe zaune. Ya nemi hanyar da zai bi a ɓoye, ya aika jika, ko ya sa A'i ta aika, ko ya bari sai gari ya manta. Duk wadda ya ɗauko sai ya ga a kan yaron take ƙarewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗauki rawaninsa, yau ya naɗa shi a ka, ya fita ta hanyar kwalta.

Shagon a cike yake. Akwai masu oda, akwai ƴan kabu-kabu a kan baburansu, ga Is'haƙa a bencin mai shayi, kamar an aika masa. Mani bai taɓa taka dokin ƙofar shagon nan ba tun da aka buɗe shi. Da ya taka, surutu ya ɗauke. Rashid ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya gaishe shi. Kwalin na can bisa kanta a bayansa, hoton jirgin a fili.

Mani ya dubi wani saurayi da ke tsaye kusa, wanda ko sunansa bai sani ba.

"Ce ma mai shago shi sauko mini da kayana."

Saurayin ya rasa inda zai duba. "Wane kaya, Baba?"

"Jirgin. Nau na. Ni na saye shi da kuɗɗina, ni na ɓoye sunana. Kuma kahin wanga an cuce ni a wani, in kuna son ku ƙara da shi." Muryarsa ta ɗan karye, ya gyara ta. "Wancan ba ruwanai. Wanda duk ka son yin kukan jirgi, ya san ƙohwar gidana."

Sai dariya ta fara daga waje, wurin Is'haƙa, ta bazu cikin ƴan kabu-kabu. Mani ya ji ta har tafin ƙafarsa. Bai motsa ba. Rashid bai yi dariya ba, bai kuma ɗago ba. Ya juya ya sauko da kwalin, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, shi ma ya dubi saurayin.

"Ce ma Baba da nauyi. Ni ka kai mai."

Haka suka fito, Mani a gaba, Rashid a baya da ɗan rata, rungume da kwalin. Duk tsawon kwalta ana kallonsu. Wani yaro ya fara kukan jirgi, wani babba ya kwaɗe masa ƙeya. Mani bai waiwaya ba ko sau ɗaya, amma yana jin takun ɗansa a bayansa har ƙofar gida.

A zaure Rashid ya aje kwalin, ya juya zai fita. Mani ya tsuguna ya buɗe. Guntayen dogo ne jibgi guda, da wayoyi, da takarda mai rubutun da ba ya iya karantawa. Ya ɗauki guntu biyu ya gwada haɗawa, suka ƙi. Ya juya su, suka ƙi. Ya ɗaga kai ya nemi wanda zai ce wa ya gaya wa mai shago, zauren ba kowa sai su biyu.

Rashid yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ya ɗan tsaya. Sannan ya cire takalmansa, ya dawo ya durƙusa a ɗaya gefen tabarmar, idonsa a ƙasa. Ya ɗauki guntu ɗaya, ya miƙa wa uban ƙarshensa.

"Riƙe nan, Baba."

Mani ya riƙe.